Kwaɗon Roba a Daɗin Kowa

Kuɗin fansho sun shigo ran Laraba.
Na cire na masara, na cire na makarantar Bappah,
ragowar na cusa cikin hula
na nufi rumfar Giɗaɗo mai gwanjo
can bayan tashar Dukku.

Sandunan fatsa huɗu ya jingina da bango.
Ta farko baƙa, siririya, sai ƙyalli,
na ɗaga, ba ta fi karan dawa nauyi ba.
Ya faɗi kuɗinta.
Na mayar da ita a hankali
kamar mai miƙa jaririn mutane.

Ta biyu ta cika laushi,
na kaɗa ta, na daina, ita ba ta daina ba.
Wannan ta karfasa ce,
ta yaro mai tana a gwangwani.
Ni kuwa kwaɗo zan jefa,
kwaɗon roba kore, ƙugiya biyu kwance a gadon bayansa,
wanda ɗana ya aiko daga Fatakwal
cikin ambulan, ba ko layi ɗaya na gaisuwa.

Mai jefa kwaɗo cikin kainuwa
sanda mai ƙashin baya yake nema,
gindi da tauri, kai da ɗan sassauci,
don in kifi ya cafka ya nutse cikin ciyawa
ba zancen lallashi,
fizgo shi za a yi har da bargon da ya lulluɓa.

Ta uku an yi mata ɗori a wuya.
Na san ɗori.
Ƙafata ta hagu tana ba ni labarinsa duk damina.

Ta huɗu fenti ya koɗe,
zobe ɗaya da zaren ɗinki aka ɗaure shi,
mariƙinta ya sha gumin wani mutum
a wata ƙasa da ban san sunanta ba.
Na dafa kanta a ƙasa na danna,
ta rusuna daga sama kaɗai, ta miƙe.
Dubu goma sha takwas.
Na ce sha ɗaya. Ya ce albarka.
Sai da na kai bakin kwalta
na ji murya: kawo sha uku, Baba,
kwarkwaron zaren kyauta ne.

Asabar da asuba, Daɗin Kowa,
ruwa kwance, hayaƙi na tashi a kansa.
Kwairanga mai kwalekwale ya juya kwaɗon a tafinsa,
ya matsa cikinsa, ya shinshina.
Shekara arba'in ina su, in ji shi,
ban ga kifin da ya ci roba ba.
Na ce tuƙa dai.

Na wurga bayan ganyen bado.
Tsalle ɗaya, tsaya. Tsalle biyu, tsaya.
Hantsi ya taso, kafaɗa ta fara ƙorafi.
Sai ruwa ya fashe.
Na fizga da garaje,
kwaɗo ya dawo ya mari hulata, ba kowa a bayansa.
Kwairanga ya yi dariya har ya saki filafili.

Karo na biyu na danne zuciya,
na ƙirga ɗaya, na ƙirga biyu,
sai da na ji nauyi a gwiwar hannu
sannan na ɗaga.
Sanda ta yi baka, zaren ɗinkin nan ya tsinke,
zoben ya zame yana ƙara,
amma gindin bai ba ni kunya ba.
Tufi ne, baƙi, tsawon kamu ɗaya,
ya fito sanye da rawanin kainuwa.

A hanyar komawa gaɓa
Kwairanga bai ce komai ba,
sai da muka ɗaure jirgi ya tambaya, ido a ƙasa,
ko yaron nan na Fatakwal yana da wani kwaɗon.

Dudu ta fere shi da toka a bakin rariya,
ta ɗaga shi ta wutsiya, ta dube ni:
kifin dubu goma sha uku ke nan,
ban da kuɗin mota.
Na ce ki sa yaji sosai,
kuma in kin gama, ara min zare da allura.